Fatar Majemi

Takardar da ke bango ta ce
a juya majinyaci duk bayan awa biyu.
Wanda ya rubuta ta bai taɓa kwana ɗakin maza ba.
Gado talatin da huɗu, ni kaɗai,
da fitilar waya tsakanin haƙorana in an ɗauke wuta.

Da mu bakwai ne.
Luba tana Jidda, Tumba ta bi jirgin Ingila,
Sista Ige ta yi ritaya da ciwon baya.
Har yau sunayensu na allon aiki,
ba wanda ya sami sukunin gogewa.

Gado na sha tara, Malam Arzika,
majemi, shekara arba'in hannunsa cikin ruwan bagaruwa,
ba sirrin da jar akuya ta ɓoye masa.
Shanyewar ɓarin jiki ta kawo shi wata Laraba,
bayansa sumul. Ni shaida ce.

Sha ɗayan dare na kwantar da shi dama,
na ce, Baba, ƙarfe ɗaya ina tafe.
Sai na gado shida ya kama aman jini,
ƙarin ruwan na ashirin ya tsaya,
aka shigo da ɗan kabu-kabu daga hanyar Wamakko
da ƙafarsa a naɗe cikin zanen wata.
Ban waiwayo ba sai da ladan ya kira assalatu.

Da fari ja ne kawai, faɗin kwabo, a ƙugu.
Na danna da yatsa, ya ƙi washewa.
Kwana tara, ya buɗe baki,
yana cin auduga kamar ba gobe.

Ya ce, "Ɗiyata, bar ɓoye mani, hancina ya riga ki.
Fata in an bar ta wuri guda cikin wanga zafi
ruɓewa takai.
Ko ta akuya, juya ta mukai."

Jiya manya suka zo daga ma'aikata,
suka ƙirga gadaje, suka ɗauki hoton sabon fenti.
Ba wanda ya ƙirga hannuwa.
Suka bar fom: Dalilin gyambo,
da ɗan layin da bai kai tsawon yatsana ba.

Yanzu na koya wa jikansa Modi, ɗan shekara sha biyu,
inda ake kama kafaɗa, inda ake cusa matashi.
Yana barci a tabarma, takalminsa a ƙarƙashin kai.

Ƙarfe ɗaya ta buga.
Ana kiran Sista daga gabas,
ana kiran Sista daga yamma.
Na taɓa ƙafar yaron.