Farce

Kwanan wata ne kawai,
an manna sabo a kan tsoho
a jikin kwalbar maganin tarin yara.
Na sa farce na ɓamɓare.
Iyakar laifina ke nan.

Na hau bene na faɗa, na sa hannu,
Ladidi Ɗalhatu, mai kula da sito.
Aka fitar da kwali sittin da huɗu.
Aka sallami Malam Tanimu, mai 'ya'ya tara.

Washegari na yi sallama a ofis,
fanka ce ta amsa.

Uwani, da muka yi shekara bakwai
muna cin ɗanwake a kwano ɗaya,
ta ja kujerarta bakin taga,
wai zafi take ji.
'Yan adashi suka maido mini zubina
a ambulan da ba suna.
An fitar da ankon bikin 'yar akanta,
yadi ya ƙare daidai kaina.
Ina ɗaga labule sai a ce,
"A rufe tukunya, ga ƙuda."

A keke, daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka,
ina ta kirga fuskoki,
wa ya ji, wa bai ji ba.

Inna ta ce, "Baki shi ke yanka wuya, 'yar nan."
Maigida bai yi faɗa ba.
Ya dai tambaya, yana wanke hannu,
"Duk gidan ke kaɗai ce mai ido?"

Ran Laraba a kasuwar Sabon Gari
na haɗu da matar Tanimu
tana roƙon a auna mata rabin mudu.
Da ma zagina ta yi.
Sai ta gaishe ni, har da tambayar yara,
ta ɗaure ledarta ta wuce.
Daren nan tuwo ya ƙi wucewa a maƙogwarona.

An mai da ni ƙaramar taga ta baya,
inda rana ke kwana a bango.
Jiya wata ta zo da goyo,
ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Na ɗauko kwalba, na juya ta,
na kankara gefen takardar.
Ɗaya ce, ba komai a ƙarƙashi.

Ta karɓa, ta ƙirga canjinta sau biyu.
Ba ta san sunana ba.

Na dubi farcen, ya yi tsawo.
Na ce gobe zan yanke.
Yau kwana arba'in ina faɗin haka.