Dutse na Arba'in da Bakwai

Biyar da rabi, gari bai gama wayewa ba,
Nemesio ya tada mota, ta yi tari sau biyu.
Ni kuwa ina ƙirga kawuna a ƙofar masauki:
goma sha huɗu, da sababbin malafuna,
da ƙamshin man kare ƙunar rana.
Sunana Fermin Cauich, na ce musu,
baki nawa ne yau, ƙafafu naku.

Hanya miƙaƙƙiya kamar zaren magini,
daji dama, daji hagu,
babu tudu ko ɗaya sai wanda hannu ya tara.

A gindin dala na tafa sau ɗaya,
matakala ta mayar mini da kukan tsuntsu.
Suka yi shewa. Kullum sai sun yi.
Damo a kan katanga ko ƙifta ido bai yi ba,
ya ji wannan tafi har ya haddace.
Wata ta ce, to ina mutanen suka tafi?
Na nuna mata Nemesio a inuwar rimi,
baki buɗe, yana minshari da harshen Maya.

Akwai abin da ba na faɗa.
Shekara tara babana ya yi a nan
yana ɗaukar duwatsu wa masu tonon tarihi,
kowane dutse da lambarsa ta alli.
Ranar da aka aiko masa cewa an haife ni
yana riƙe da na arba'in da bakwai,
mai zanen goyon masara, na bangon yamma.
Hannu na rawa, ya dasa shi a kife.
Farar ƙasa ta kama.
Masana sun zo da tabarau, sun wuce,
masara tana tsiro ƙasa shekara talatin da takwas.

Yau wani tsoho ya ja baya da ayari,
Casimiro, magini daga Puebla,
'yarsa ce ta biya masa kuɗin tafiya.
Ya tsaya, ya karkata kai, ya daɗe.
Sannan ya ce, ba ni yake wa magana ba,
wanda ya sa wannan, hankalinsa na gida.

Na haɗiye yawu. Na ce, mota na jira.

Bayan wainar masara da attaruhu mai sa hawaye
sai rijiyar kogo.
Ku wanke man jikinku tukuna, ruwan sha ne na ƙauye.
Matakala saba'in da uku zuwa cikin ƙasa,
sanyi yana hawowa ya tare ka a gwiwa.
Saiwoyi sun sauko daga rufi kamar igiyar guga,
da su muke zamewa muna yara,
kafin katako, kafin tikiti.
Rana ta zuro hannu ɗaya ta ɓula,
ta taɓa ruwa, ruwa ya yi shuɗi har ƙasa.
Ƙananan tarwaɗa baƙaƙe suna shinshinar dugadugai,
tsattsewa na ɗinke sama da kuka.

Casimiro bai taɓa iyo ba.
Ya ɗaure rigar ruwa har wuya,
ya saki igiya yatsa bayan yatsa,
ya kwanta rigingine kamar ƙwarya,
ido a rufi, yana bin kowace tsaga.
Me kake nema, baba? in ji 'yarsa.
Ya ce, inda mai wannan aikin ya haɗa.
Ban gani ba.

Goma sha huɗu, jiƙaƙƙu, duk sun yi barci a hanya.

Da dare na biya ta gida.
Babana na cikin ragar lilo, idanu sun riga shi tafiya.
Na ce, yau wani ya gani.
Ya yi shiru har na ɗauka barci ne.
Can ya ce, amma dai bai motsa ba ko?
Na ce, ko kaɗan.
Ya tura bango da ƙafa, lilo ya ci gaba.