Kwana Huɗu na Shuɗi

A bakin fadamar Biebrza, ƙanƙara na narkewa,
ni da kakata Leokadia, bokiti biyu, tocila ɗaya,
muna tsallakar da kwaɗi kwalta
kafin motar madara ta asuba ta bi ta kansu.

Ni a wurina kwaɗo kwaɗo ne:
ruwan ƙasa, baƙin tabo a bayan ido,
sanyi a tafin hannu kamar ɗanyar hanta.

Ta ce, kama da wane ba ta wane.
Juya shi ka gani.
Wannan na ciyawa ne, baki a dakushe,
ciki dabbare-dabbare kamar an fallatsa masa shayi.
In ya yi kuka, gurnani ne can ƙasa-ƙasa,
irin na kyanwar da ta ƙoshi.
Wancan kuwa na fadama,
hanci da tsini, ciki fari sol.
Taɓa diddigensa. Ka ji ƙullutun nan mai tauri?
Kiransa sai ka rantse kwalba aka nutsar a ruwa,
bul, bul, bul.

Na haddace, na manta, na sake rikita su.

Ranar Laraba ta ja ni bayan itatuwa,
takalmanmu na nutsewa cikin taɓo,
ta ɗora yatsa a leɓe.
Kududdufin nan ya cika da shuɗi.
Mazan na fadama ne, ɗari ko fiye,
kowanne kamar ya faɗa tukunyar baba ya fito.
Na ciyawa tuni sun zuba ƙwai sun watse
da tsohuwar rigarsu.

Kwana huɗu ne, in ji ta, wani lokaci uku.
Daga nan su koma ruwan ƙasa.

Muna hanyar gida ta tsaya gyara ɗankwali.
Kakanka Zenon da ƙanensa Czesław,
har limamin coci ba ya bambance su.
Tafiya ɗaya, tari ɗaya, hula iri ɗaya.
An sha tambayata yadda na yi na zaɓa.

Ta zubar da ruwan da ya rage a bokiti.

Na taɓa ganinsa shuɗi, wata bazara.
Shekara arba'in da ɗaya da suka biyo
ruwan ƙasa ya yi su, bai cika magana ba.
Amma ni na riga na gani.