Tsohon Da Ba Ya Daddara

A buhu litattafan suka iso Samaru,
wani ɗalibi ya gama karatu ya watsar,
Hadi ya tsinto bakwai a gindin dalbejiya,
biyu ba bango, ɗaya ya sha manja.
Daga dama ake buɗe su, kamar takardun ajamin kakansa.
An ce daga Japan suke. Ba ma jin rubutun,
hoton muke karantawa.

A kowanne akwai wani tsoho,
gashi a tsaye kamar an firgita auduga,
ido ɗaya nasa, ɗaya na gilashi,
yana dariya shi kaɗai a ɗakin ƙarƙashin ƙasa.
A na farko ya ƙera ƙaguwar ƙarfe mai tsawon bene.
A na biyu, bindiga mai mai da ƙato ƙwayar gero.
A na uku, in na fahimta daidai,
tulu ne da zai zuƙe rana, ya toshe bakinsa,
ya riƙa sayar wa duniya haske kwalba-kwalba.
Hadi ya ce, "Baba, ai wannan ɗan NEPA ne."

Sai yaron kirki ya iso, mai dara-daran idanu,
ya yi ihu shafi uku, ya kai naushi ɗaya.
Hayaƙi. Kusoshi na zuba kamar ƙanƙara.
Tsohon ya yi sama baƙi ƙirin, tabarau a karkace,
yatsa a ɗage. Ba sai an yi mini tafinta ba:
zan dawo, yake faɗi.

Hadi na tafi. Ni na yi shiru,
don na san wannan yatsan.

Mahaifina, Labaran mai rediyo a Tudun Wada,
shekara goma sha ɗaya yana haɗa injin ban ruwa
da gawar Basfa, da fankar sama,
da bututun da ya roƙo a reluwe.
Wata Laraba ya tura shi a baro har bakin Kubanni,
masu lambu suka ajiye fartanya suka zo kallo.
Injin ya yi tari, ya yi atishawa,
ya tofar da ruwa cikin moɗa guda,
sannan ya kama da wuta.
Aka ce ya taɓu. Yara suka rako shi da ihu har ƙofar gida.
Ya ci tuwonsa da ƙonannun yatsu,
bayan isha'i na jiwo shi a shago yana kwance kusoshi.

Na sani, tsohon littafin mugu ne,
garin mutane yake so ya rusa,
Baba kuwa tumatir yake so ya sha ruwa.
Amma mai zanen bai taɓa zana daren ba:
wa ke riƙe masa fitila,
ina yake samo dalma, wa ke bin sa bashin waya,
matarsa, in yana da ita, me take ce wa maƙwabta.
Tsakanin na huɗu da na biyar
akwai wata shida na ƙuna da rashin barci,
yaron kirki kuwa na kwance yana jira a gama
ya zo ya fasa.

Na bakwai ba shi da ƙarshe,
wata ta yage shafukan ta ƙulle ƙosai.
Inda ya tsaya, tsohon ya ɗora hannu a kan maɓalli,
injin ya cika shafi, yana ƙyalli.
Hadi ya ce, "Ya ci ko bai ci ba?"
Na ce mai ƙosai kaɗai ta sani.

Jiya na dawo daga aiki, ba wuta,
na tarar da tocilana a warwatse a tabarma,
Hadi da murafen kwalba huɗu, da roba, da gwangwanin madara.
Ya ɗago, bai ko tsorata ba.
"Bai tashi ba tukuna," in ji shi.
Na cire takalmi, na durƙusa,
na haska masa fitilar waya.