Rahoton Wata Uku

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a Garwa,
wuta ta tafi yawonta, fanka ta yi shiru.
Na jingina tocila da kwalbar ruwa
ina cika fom ɗin da Yawunde ke jira tun jiya.

Shafin farko sunana ne, babu gardama.
Na biyu: kuɗin da gwamnati ta ba ki, ina suka shiga?
Sefa miliyan tara. Na baje rasitai a tabarma
kamar mai shanyar kuɓewa:
na fetur, na safar hannu, na kwalaben fitsari ɗari shida,
na maganin tsargiya.

Jaka arba'in ba su da takarda.
Bakari ne ya ci su, da guminsa,
kwana takwas yana tuƙa mu a ruwan Lagdo
daga wannan tunga zuwa waccan.
Na ce, "Bakari, rasit fa?" Ya dube ni, ya dubi ruwa,
ya ce, "Dakta, kifi ma bai taɓa tambayata ba."
Hamajoda akanta bai yi dariya ba.
Ya ce mai binciken kuɗi ba ya karanta gumi.
Jibi zan koma da biro da tawada,
Bakari ya dangwala yatsa, maigari ya shaida,
wuni guda a hanya saboda layi ɗaya.

Shafi na biyar: yara nawa aka gwada?
Ɗari huɗu da sha bakwai.
Dā sha takwas ne.
Dudu ta tare ni ran kasuwar Pitowa,
ta ce maigida ya dawo daga Mundu, ya ce a cire Sali.
Takardar da ta dangwala ta ba ta ƙofa,
ta fita ran da ta so, ba bashi, ba bayani.
Na zubar da kwalbarsa, na goge lambarsa,
na haɗiye tambaya.

Na bakwai shi ya hana ni barci.
Sha uku ga Afrilu janareto ya shaƙe,
firiji ya yi ta zufa har asuba,
kwalba hamsin da biyu suka lalace.
Ba wanda ya gani sai Allah da ni,
maigadi ma minshari yake.
Lambobin suna kaina, kusa-kusa,
in na zuba su wa zai tona?
Yatsuna suka kai kan kwamfuta, suka tsaya.
Na hango wata likita da ban sani ba,
a Marwa ko Kuseri, bayan shekara biyar,
ta buɗe wannan takarda
tana auna wa ɗan wani magani da ita.
An ce ramin ƙarya ƙurarre ne,
amma nawa, ɗan mutane zai fara faɗawa.
Na rubuta: sun lalace. Ban duba mai ba.
Kalma shida, sun fi buhun gero wuya.

Na tara: akwai wanda magani ya wahalar?
Akwai. Lamba ɗari biyu da talatin da ɗaya, amai sau huɗu.
Na hau tudun da waya ke kamawa
na gaya wa kwamiti tun rana ba ta zagayo ba.
Fom bai san sunanta ba, ni na sani.
Da ta warke ta kawo mini ƙwan zabo biyu.
Na duba shafi goma sha huɗu kaf,
ban ga inda ake musu ajiya.

Kina da alaƙa da kamfanin magani?
Babu. Mai shayin ƙofar asibiti dai yana bina ɗari biyar.

Wani dare nakan ce, ni fa ƙwan tsutsa na karanta,
wa ya mai da ni magatakarda?
Sai in tuna gwaggona mai albasa a kasuwa
da tikitin haraji ƙulle a bakin zane.
Kuɗinta ne a tabarmar nan.
In ta ce a ƙirga, sai a ƙirga,
ba a yi wa mai kaya gardamar kaya.

Ƙarfe uku saura wuta ta dawo.
Na sa hannu, na hura wa hatimi, na buga,
rabinsa ya fito, na sake.
Sauro ɗaya ya sauka kan shafin ƙarshe.
Na bar shi ya karanta, na tafi neman tsintsiya.