Gurbi Na Biyu

Da kwale-kwale na zo, ni Kunthea,
kwamfutar hannu a ƙulle cikin leda
kada Tonle Sap ya lashe ta.
Gida na goma sha bakwai a jerin yau,
ɗaki ne a kan gangunan roba
mai rausaya duk sanda jirgin inji ya gifta.

Chanthou na feɗe kifi.
Ta kora yara maƙwabta,
ta wanke hannu, ƙarnin ya ƙi fita.
Muka wuce shekarunta, muka wuce haihuwa:
huɗu, uku na raye.
Muka wuce gidan sauro da ruwan sha,
har muka iso inda muryata kan yi ƙasa
kamar an murɗa rediyo.

"Cikin wata goma sha biyun nan,
kin ga ruwa mai wari, ko gyambo, a gabanki?"
Ta leƙi tafki ta tsagar katako.
"Na gani."
"Kin nemi shawara ko magani?"

Gurbi biyu aka ba ni.
Na ɗaya e, na biyu a'a.

Ta ce, "Na tafi."
Yatsana ya miƙa.
Ta ce, "Dakata, 'yar birni.

Da rani ne, ruwa ya janye,
asibiti ya yi nisa bai motsa ba.
Kwando biyu na bandar kifi suka tafi a kuɗin mai.
Rabin hanya jirgi, saura taɓo har gwiwa,
sannan babur.
Na yanki kati, na zauna a benci,
ina matse cinya, ina jiran layi.
Ƙofa ta buɗe, mai kiran suna ta leƙo,
ashe ƙanwar Vuthy ce, an yi mata canjin wurin aiki.
Vuthy mijina, mai dako a wurin gini can Tailan,
wanda kan dawo da sabuwar shekara
da fanka, da takalman yara,
da wannan tsarabar da ba a kwancewa gaban mutane.

Ta ce, yaya, me ya kawo ki?
Na ce kaina ke sara.
Ta ba ni farar ƙwaya goma, ta ce a gaida gida.

A kasuwa na sayi kafso huɗu, ja da rawaya,
ban faɗi suna ba, mai tebur ba ta tambaya ba.
Ya lafa kwana bakwai,
ya dawo yadda ambaliya ke dawowa, ba sallama.

To, rubuta.
Na je, ko ban je ba?"

A Phnom Penh an horar da mu:
kada ku fassara, kada ku ja mai amsa.
Na'urar kuwa ba ta buɗe shafi na gaba
sai an taɓa ɗaya.
Cajina ya yi ja.
Na taɓa na biyu.

Wata rana wani mai kwat zai haska bango,
ya nuna doguwar sanda da gajeriya,
ya ce matan tafki ba su waye ba.
Chanthou na cikin doguwar,
ita da taɓonta, da kwandunanta biyu,
an niƙe su sun zama ɗigo bayan lamba.
Ni ma zan tafa, ina layin baya.

Da zan fita ta ƙunsa mini kifi a ganye,
na buɗe jaka in saka.
Idonta ya faɗa aljihun ciki,
kan ƙullin ledar da nake yawo da shi tun watan jiya:
ja da rawaya, saura biyu.

Labarin zuciya a tambayi fuska.
Ba ta tambaya ba.
Ta ja zif ɗin da hannunta mai ƙarni,
ta riƙe mini igiya har na sauka.

Mai tuƙi ya ce, "An samu?"
Na ce, "An samu. Gida na sha takwas."