Gwajin Birki

Sallau ya ce jibi jirginsa zai tashi.
Shekara tara yana kwance ƙarƙashin motoci a Hamis,
dutsen nan bai san shi ba sai ta ƙofar gareji.
Na ce masa, hau.
Babur ɗin ba nawa ba ne.
Mai shi ya ce in gwada masa birki,
bai faɗi iyakar inda gwaji zai tsaya ba.

Mun bar Abha ana naɗe tabarmin asuba,
sanyi ya shigo ta hannun riga ya yi zamansa a ƙirji.
Ni ɗan Gumel ne,
inda in kazarka ta ɓace daga zaune kake hango ta,
tudun da na sani suri ne, sai juji.
Nan kuwa hanya ke naɗe kanta kamar gammo,
kowace kwana ta ɓoye ƙanwarta a baya.

A Suda girgije ya sauko ya tsare titi.
Fitila a kunne,
amma ganina bai wuce igiyar akuya ba.
Sallau ya buɗe baki ya haɗiyi iska, ya ce,
"A gida ɗaga kai muke mu roƙe shi,
yau ga shi a harshena, ko gishiri babu."

Wani ƙaton biri zaune kan katanga
kamar mai karɓar kuɗin shiga kasuwa,
ya dube mu, ya dubi ledar gurasa.
Kafin in ce kai, ya karɓi nasa.

Sai gangara.
Kwana, kwana, wata kwanar,
dama dutse, hagu babu komai, Allah kaɗai.
A ta goma sha wani abu na ji ƙauri,
na taka birki, ya tafi luɓus kamar ɗanyen kwaɓi.
Ban faɗa masa ba. Yatsunsa sun ji, sun nutse a haƙarƙarina.
Na rage giya, injin ya yi kururuwa,
na sake ragewa,
muka ja ƙafa cikin tsakuwa har muka tsaya.
Wani ɗan dutse ya gangara a madadinmu.
Mun kasa kunne. Ba mu ji saukarsa ba.

Can ga tsoho da awaki bakwai,
rawaninsa ɗaɗɗoya da furanni, wuƙa a ƙugu,
ya ce sunansa Mushabbab.
Bai tambayi abin da ya faru ba, ya shinshina ƙarfe ya gane.
Ya zuba gahawa, ya ɓallo burodi,
ya tura mana gwangwanin zumar kurna.
"Ƙasarku akwai duwatsu?"
Sallau ya ce babu, shimfiɗe take kamar faifai.
Tsoho ya jima yana tauna.
"To da me kuke jingina?"
Muka yi dariya, shi bai yi ba.

Da ƙarfe ya huce muka sauka Rijal a hankali,
gidajen dutse bene kan bene, tagogi da farin kwalli.
Sallau ya shafa bango, ya ƙirga hawa shida,
ya ce ubansa magini ne, da ya gani da ya cire hula.
Ya sayi zuma kwalba guda don Tabawa,
wadda ta koyi kiran sunansa ta waya.

A hawan dawowa bai ce uffan ba.
Wajen la'asar na ji nauyi a bayana,
goshinsa tsakanin kafaɗuna, ya yi barci,
a kan hanyar da ta kusa cinye mu da safe.
Na bi kowace kwana kamar mai ɗauke da ƙwai.

Yau kwana huɗu. Gurbinsa a gareji kwali ne mai baƙin mai.
Mai babur ya zo, ya zare busasshiyar ɗaɗɗoya daga madubi,
ya ce, yaya birki?
Na ce yana kamawa,
amma ka bar shi ya huta in hanya ta yi tsawo.